Ga mai son zaga Beijing a yini guda

'Yan uwa masu zuwa Sin, in za ku ɗauki ɗan jagora da mota naku na kanku, ku ce Mutianyu zai kai ku ganin Babbar Ganuwa. Kimanin kilomita 70 ne daga gari, kuma ba cunkoso kamar sashen ganuwar da ke Badaling. Mai ciwon gwiwa ya hau keken igiya mai kai mutane saman dutsen, matakalan nan ba wasa.

Tsohuwar fadar sarakunan Sin (Forbidden City) kuwa a rufe take ranar Litinin. Da lambar fasfo ake yankan tikiti tun kafin ranar, ku riƙe fasfon a aljihu.

Ku yi sharaɗi da ɗan jagoran tun farko: ban da tsayawa kantin shayi ko na duwatsun ado, nan yini ke salwanta. Abincin halal yana unguwar Niujie.