DSLR ko marar madubi? Karanta wannan kafin ka fidda kuɗinka

Kusan kullum sai wani ƙanena ya turo min hoton kyamara ta WhatsApp yace Yaya wannan fa, in saya? Toh bari in rubuta sau ɗaya kowa ya samu, musamman ku masu son fara ɗaukan hoton biki da suna a Garwa, Marwa ko Ngaundare.

Bambancin ba wani abu bane mai wuya. Ka kwance lens ɗin DSLR ka leƙa ciki, zaka ga wani ɗan madubi a karkace, shi ke tura haske sama zuwa inda kake sa ido, in ka danna sai ya ɗaga hasken ya faɗa kan sensa, wato ɗan farantin da ke ɗaukar hoton, shine wannan ƙarar "kacak" ɗin da kake ji. Marar madubi kuwa yawanci kana kwance lens sensa zaka gani tsirara, kuma abinda kake kallo a wajen leƙawa ɗan ƙaramin allo ne. Kyaun hoto fa duk ɗaya ne in sensa da lens sun yi daidai, kar wani mai shago ya ruɗe ka da cewa DSLR ta daina fidda hoto mai kyau.

Fara tambayar kanka maganar wuta. Mun san yadda ake ɗauke ta anan, wani lokaci a wuni babu. Marar madubi tana shan batir sosai dan allonta a kunne yake koyaushe. A ƙiyasin kamfani Nikon D750 tana ɗaukan hoto 1,230 da caji ɗaya, D3500 har 1,550, amma Canon EOS R wajen 370 ne kawai, Sony A7 III kuma kusan 700. In aikinka daga ɗaurin aure da safe ne har kai amarya da dare, ko ka riƙe DSLR ko ka tanadi batir uku. Sai dai sababbin marasa madubi da yawa suna caji ta USB, in kana da fawa banki ka rage matsala.

Sai ƙura, wlh wannan ita tafi ci min rai. Wani hunturu na canza lens a bakin kogin Binuwai iska na kaɗawa, da kyamarar aro marar madubi, na dawo gida na buɗe hotuna a kwamfuta sai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe guda biyar a sararin sama, waje ɗaya a kowane hoto, na kwana ina gogewa ɗaya bayan ɗaya. DSLR ma ƙura na shiga amma madubi da labulen shata (wanda ke rufe sensa har sai ka danna) suna ɗan tare ta. Ko wacce ka saya, ka kashe ta kafin ka canza lens, ka juya bakinta ƙasa, ka shiga ɗaki ko mota in da hali, kuma kar ka hura da baki, akwai ɗan famfon roba da ake sayarwa dan wannan.

Inda marar madubi ta yiwa DSLR fintinkau shine kama ido. Tana bin idon mutum da kanta ko yana motsi, a hawan sallah ƙofar fadar Lamido doki na sukuwa ya nufo ka, nan zaka gane daɗinta. Kuma kana ganin hasken hoton tun kafin ka danna, farar shaddar ango da tsakar rana baza ta ƙone maka ba ka sani sai daga baya. Tana iya ɗauka shiru ba ƙara, a wajen ɗaurin aure malamai na addu'a wannan ba ƙaramin abu bane. Ga rashin nauyi.

Gaskiya ɗaya kuma, kamfanoni sun juya baya ga madubi. Sony ta fito da A7 tun 2013, Canon da Nikon suka biyo da nasu marasa madubin, RF da Z, a 2018, sababbin lens ɗinsu yanzu can suka karkata. Amma wannan ne ma yasa DSLR na hannu da lens ɗinsu suka yi araha. Kuma lens ɗin EF, wato na DSLR ɗin Canon, yana hawa Canon marar madubi da adafta, na Nikon F ma haka da adaftar FTZ, dan haka lens mai kyau ba asara bane ko ka canza kyamarar gobe.

Ni ra'ayina in jarinka kaɗan ne ka sayi DSLR na hannu mai lafiya, ragowar ka zuba a lens 50mm f/1.8 da filashi da batir na biyu. In kuɗi sun zauna kuma kana son abinda zaka ɗora a kai shekaru, tafi marar madubi kai tsaye.

Na hannu kuma kar ka biya sai ka gwada. Ka duba sau nawa aka danna shata, irin su D750 an yi su ne dan kusan 150,000. Ka tsuke ƙofar lens zuwa f/16 ka ɗauki farin bango ka zuƙo hoton ka ga ko da ɗigo. Ka haska fitilar waya ta cikin lens, in ka ga abu kaman yanar gizo-gizo toh danshi ya ci shi, ajiye musu. Ka tafi da katin memori naka ka ɗauki hoto ashirin a jere, in mai kaya yace ba'a gwadawa ka kama hanyarka.