Yadda ake kare gona daga giwa ba tare da an taɓa lafiyarta ba

Dattawan ƙasar Madarunfa da Gabi, a jihar Maraɗi ta Nijar, ba su manta lokacin da giwaye ke tsallako iyaka daga dazukan arewacin Najeriya su shigo dajin Babban Rafi ba. Saran itace da faɗaɗa gonaki sun cinye mafi yawan waccan hanya, giwayen Nijar kuma sun tattara can yamma a gandun dajin W, wanda ya haɗa iyaka da Benin da Burkina Faso. Sai dai giwa dabba ce mai riƙe hanya a ka, kuma duk wanda noma ko kiwo ya kai shi wajen Tamu ko Sayi, kusa da wannan gandu, zai iya wayar gari ya tarar da sawunta a bakin gonarsa.

Harbi ba mafita ba ne. Dokar farauta ta 1998 ta sa giwa cikin dabbobin da aka haramta kashewa a Nijar, cinikin haure tsakanin ƙasashe kuma an hana shi tun 1989. Ko an ajiye zancen doka gefe, bindigar gargajiya ba ta cika kashe giwa ba, rauni take yi mata, kuma giwa mai rauni ita ce ke bin mutane. Ga shi ba ta saurin yaɗuwa: wata 22 take da ciki, ɗa guda take haifa, sai ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake. Garken da aka rage yau, sai jikoki su ga cikarsa.

Babbar giwa na cin abin da ya kai kilo 150 a rana, galibi da dare take shiga gona, kuma lokacin da ta fi so shi ne sa'ad da gero da dawa suka fara nuna. Saboda haka a gama shinge tun hatsi bai fid da kai ba. Giwar da ba ta taɓa ɗanɗana gonarka ba, wari kaɗai na iya juya ta. Wadda ta riga ta ɗanɗana, sai an haɗa dabara biyu ko uku.

Mafi araha shi ne shingen barkono, wato tonka, don hancin giwa ba ya jure yajinsa. Gona mai hekta ɗaya, in murabba'i ce, zagayenta mita 400 ne. Za ta ci sanduna kamar 57 masu tsawon mita 3, igiya mai shan mai wajen mita 800, tsummokaran auduga 57 masu faɗin kamar rabin mita, busasshen barkono dakakke kilo 4, da baƙin man inji lita 16, irin wanda makanikai ke juyewa daga mota. A nemi ƙananan barkono masu zafi. Tattasai ba ya wannan aiki. Tsumma kuma ya zama na auduga, domin yadin roba ba ya shan mai, ruwan farko zai wanke shi tas.

A kafa sandunan mita bakwai tsakani, rami ya kai rabin mita, a danne ƙasar sosai. Reshen dogon yaro ya fi, gara ba ta saurin cin sa, kuma ba sai an shiga dajin gwamnati an jawo wa kai tara ba. A zuba barkonon cikin man, a gauraya har ya yi kauri kamar kunu, a tsoma igiya da tsummokaran su jiƙa. Sannan a ja igiya layi biyu, ɗaya a tsayin mita ɗaya da rabi, ɗaya a mita biyu, daidai inda fuska da hannun giwa ke kaiwa, a ɗaure tsumma a miƙe tsakanin layukan biyu a tsakiyar kowane sanduna biyu. Mai haɗawa ya sa leda a hannu, ya rufe hanci da baki, ya ba iska baya. Baƙin mai guba ne: kada ya ɗiga kan wake ko gyaɗa, kada a wanke bokitin kusa da rijiya, kada a bar awaki su lashi igiyar.

Inda yawancin shingaye ke mutuwa shi ne wajen sabuntawa. Rana da ruwan sama suna kashe yajin, igiyar na nan a tsaye, mai gona na ganin yana da shinge, alhali tsumma ne kawai ke kaɗawa. Da damina a sake shafawa duk bayan mako uku, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Gwajin ba wuya: in ka matsa kusa ba ka yi atishawa ba, ita ma ba za ta yi ba. Kuskure na biyu shi ne barin kafa. Giwa takan bi shinge a hankali har ta sami inda ya ƙare, don haka wanda ya killace tasa shi kaɗai ya tura ta gonar maƙwabci ne kurum. Gara masu gonakin da ke fuskantar daji su haɗa kuɗi su ja layi guda mai tsawo.

Daren da aka ji motsinsu, a ƙara da hayaƙi. Ana kwaɓa kwano ɗaya na dakakken barkono da kwano biyu na ɗanyen kashin shanu, a yi curi kamar tubali, a lotsa tsakiya da babban yatsa, a shanya ya bushe ƙarau. In an sa garwashi a lotson, zai yi ta ci a hankali na sa'o'i. A duba iska kafin a kunna: da damina daga kudu maso yamma take yawan busowa, da hunturu daga arewa maso gabas. In aka ajiye a gefen da bai dace ba, mutanen gari ne za su kwana tari.

Mai hali ya yi shingen amya. Giwa na tsoron ƙudan zuma, don yana harbin ta a ido da cikin hanci da bayan kunne, kuma an gwada dabarar a Kenya ta yi aiki. Ana rataye amya tsakanin sanduna biyu ta yadda za ta yi lilo, a sa wata bayan mita 10, a haɗa su da waya guda. Da giwa ta ture wayar, amyoyin su girgiza, ƙudan ya fito. Ana iya sa ta gaske ɗaya, ta bogi ɗaya, don rage kuɗi. Amma zafin bazarar Maraɗi na korar ƙuda, sai an yi wa kowace amya rumfar ciyawa an ajiye ruwa kusa, da 'yan tsakuwa a ciki don kada ƙudan ya nutse. Feshin maganin ƙwari a kan wake lokacin fure ma yana kashe shi. Shingen da duk amyoyinsa ba ƙuda ciki, ba a jimawa giwa ta gane.

Layukan bakin daji a shuka riɗi ko barkono, waɗanda ba su dame ta ba. Rumbu kuwa kada a bar shi a gona, a kai hatsi cikin gari.

Masu gadi su zama uku ko fiye, da tocila mai ƙarfi da garwa ta bugawa, a kan rumfa mai tsayi. A fara haske da hayaniya tun giwa na waje. In ta riga ta shiga, a bar mata hanyar fita ta ɓangaren daji, kada a kewaye ta. Ganinta ba shi da ƙarfi, ƙarfin hancinta ne abin tsoro, don haka a tsaya inda iska ke kaɗowa daga gare ta zuwa gare ku. In ta baza kunnuwa tana kaɗa kai tana kururuwa, gargaɗi ne, a ja da baya a hankali. In ta lafe kunnuwa, ta naɗe hannu, ta sunkuyar da kai, da gaske take, kuma ta fi mutum gudu. Uwa mai ɗa da toron da ruwa ke zubo masa a gefen kai, ba a matsa musu ko kaɗan. Kare ma a bar shi gida, don in ta biyo shi wurin ubangidansa zai kawo ta. A yankunan bakin iyaka inda 'yan bindiga ke yawo, a sanar da mai gari da jami'an tsaro kafin a fara kwanan gona, kuma a bar duk abin da ƙararsa ta yi kama da harbi.

Da safe a kai labari wurin mai gari da ma'aikatan gandun daji, a kira malamin gona ya auna ɓarnar ya rubuta. A ɗauki hoton sawu da kashi da inda ta shiga. A zagaya sawun ƙafar gaba da igiya a auna: ninki biyu na wannan shi ne kusan tsayin giwar zuwa kafaɗa. Manyan sawu na dabba ɗaya ko biyu, toraye ne masu yawo, kuma sun fi taurin kai a kan shinge. In da ƙanana a ciki, garken uwaye ne, sai a hana yara da masu itace bin wannan hanya har ma'aikata su iso.