Kurakuran masu gina injin VM na harsuna irin su Lua da Python, da yadda ake gyara su

A harsuna irin su Python, Lua, Ruby da JavaScript, ba a sanin ko wata ƙima lamba ce ko rubutu sai shirin yana cikin gudana. Injin da ke gudanar da su, wanda masu sana'ar ke kira VM, shi ke ɗaukar wannan nauyi: ya karanta umarnin baitkod, wato ƙananan umarnan da aka fassara shirin zuwa gare su, ɗaya bayan ɗaya, ya duba nau'in kowace ƙima, ya yanka wuri a memori, ya kwashe abin da aka gama da shi. Abin da ke cin ran mai rubuta irin wannan inji da harshen C shi ne, inda aka yi ɓarna daban, inda injin ya faɗi daban. Sai mutum ya kwana yana gyaran layin da ba shi da laifi, ya bar jaki yana dukan taiki. Kusan duk gyaran da zan kawo manufarsa guda ce: a sa injin ya faɗi a daidai wurin da aka yi ɓarnar.

Mafi muni shi ne mai shara, wato sashen injin da ke share memorin da aka gama da shi, ya kwashe abin da ake cikin aiki da shi. Na taɓa yin kwana uku a kan wannan a wani ƙaramin inji da na gina. Umarnin haɗa rubutu biyu ne: na ciro su daga sitak, inda injin ke jera ƙimomin da yake aiki da su, na riƙe su a hannun C, sannan na nemi wurin da zan zuba sabon rubutun. Neman wurin nan shi ya tada mai shara. Ya leƙa sitak bai gan su ba, ya ɗauka ba su da mai su, ya share. Ni kuma na ci gaba da kwafa daga wurin da aka riga aka saki. Sau ɗari ba abin da ke faruwa, domin tsofaffin haruffan suna nan ba a taka su ba. Sai can a wani dogon gwaji sunan wani abu ya fito a hargitse, nesa da umarnin da ya jawo.

Gyaran layi biyu ne: bar su a kan sitak har ka gama, sannan ka cire. Amma hanyar gano shi ta fi gyaran daraja. Ka yi wa injinka makunnin da zai sa mai shara ya tashi a duk lokacin da aka nemi wuri, komai ƙanƙantarsa. Ruby na da GC.stress don haka, Lua kuma na da HARDMEMTESTS. Gwajin zai yi ta jan ƙafa, ka haƙura. Matsalar da ke ɓuya mako guda za ta fito cikin daƙiƙa. Ka kuma riƙa cike duk wurin da aka saki da wata alama da za ka gane da ido, kamar 0xDD. In kana da naka tsarin rabon memori, ka kashe shi lokacin gwaji ka koma malloc, mai rabon memori na C, in ba haka ba AddressSanitizer da Valgrind, masu farautar kurakuran memori, ba za su ga abin da ke faruwa a cikin tsarin naka ba.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne riƙe manuni, wato adireshin wani wuri a memori, zuwa cikin sitak. Kira ya yi zurfi, sitak ya cika, realloc, mai faɗaɗa wuri a C, ya ɗauke shi ya kai wani wuri, manuninka yana nan yana nuna kango. Ka riƙa ajiye lambar gurbi maimakon adireshi, ko ka sake karanto adireshin bayan duk abin da zai iya faɗaɗa sitak. Masu Lua sun tanadi HARDSTACKTESTS, mai sa sitak ya yi ƙaura a duk inda ƙaura za ta iya aukuwa.

Da yawa kuma suna jinkirta rubuta abin da zai buga musu baitkod su karanta, wai sai buƙata ta taso. Ba a fafe gora ranar tafiya. Python na da dis, Lua na da luac -l, kai ma ka yi naka tun ranar da ka ƙirƙiro umarni na farko, tare da makunnin da ke nuna abin da ke kan sitak kafin kowane umarni. Tsallen da ya wuce wurinsa da bait ɗaya, nan take za ka gan shi. Ka ƙara da binciken tsayin sitak bayan kowace jimla: in ya ƙaru da ɗaya, akwai umarnin da ya bar kaya a hanya.

Lambobi ma suna da tarko. Raba -2147483648 da -1 a lamba mai bit 32 yana kashe shiri a kan kwamfutoci masu furosesa x86, ambaliyar lamba mai alama kuma, wato lamba mai iya zama debe ta wuce iyakarta, C bai yi alkawarin komai a kanta ba. NaN, ƙimar da ke nufin "ba lamba ba", ba ya daidai da kansa, shi ya sa Lua ta hana a yi mabuɗin tebur da shi. In ka bi dabarar LuaJIT, wani injin Lua mai sauri, ta cusa manuni a cikin NaN, to duk NaN da ya shigo daga waje ka mayar da shi siffa guda, kada injin ya ɗauke shi adireshi.

Sai gaggawar neman sauri, wadda nake ganin ita ta fi kashe ayyukan masu farawa. Mutum ya ji labarin V8, injin JavaScript wanda ya fito da Chrome a 2008, sai ya fara JIT, wato fassara baitkod zuwa harshen na'ura ana cikin gudu, alhali tafintansa, mai aiwatar da baitkod ɗaya bayan ɗaya, bai tsaya da ƙafarsa ba. Dabarar tuna inda aka sami abu a kiran baya tsohuwa ce, Deutsch da Schiffman sun bayyana ta a 1984 don Smalltalk, kuma tana da amfani ƙwarai. Haɗarinta shi ne harshen ya yarda a canza abu ana cikin gudu: an maye gurbin aikin wani aji, injin yana ta kiran tsohon. Kowace ajiya irin wannan sai ta zo da lambar zubi ko alamar siffa da za a duba kafin a yarda da ita. Python da kansa, da ya fito tun 1991, sai a 3.11 ta 2022 ya shigo da umarnai masu sauya kansu bisa nau'in da suke gani.

Ko ka kai ga sauri, kada ka jefar da tafintan nan mai tafiyar hawainiya. Shi ne ma'auninka. Ka sa wani shiri ya riƙa ƙirƙiro ƙananan shirye-shirye barkatai, ka gudanar da kowanne ta hanya mai sauri da ta tafintan, ka kwatanta sakamako. Inda suka saɓa, ka yi ta yanke layuka har ya rage biyar ko shida da ke nuna saɓanin, ka ajiye su cikin gwaje-gwajen da ake gudanarwa kafin a karɓi kowane sabon canji.