Kurakuran da masu binciken asalin zuri'a suka fi yi

Babban kuskure shi ne jinkiri. Ana cewa sai an haɗu da sallah, sai an haɗu a wani biki, har tsohuwar da ta san komai ta riga mu gidan gaskiya. Ka je yau, ka nemi izininta, ka kunna rikodar wayarka. Na ce tsohuwa da gangan, domin yawancinmu wajen maza kaɗai muke zuwa. Baffa zai lissafo maka iyaye maza a jere, amma gwaggo ce ta san wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo amarya, wane ne ɗan riƙo, wane ne agola. Kada ka ce mata "Gwaggo, ba ni tarihi." Ce mata: "Gwaggo, wa ya yi miki wankan jego? A gidan wa aka yaye ki?" Sai zance ya ɓalle.

Sai rikicin suna. Saboda alkunya, ɗan fari da wanda ya ci sunan kaka ba a kiran su da sunan yanka. Sai ka rubuta Abba da Muhammadu a matsayin mutum biyu alhali ɗaya ne, ko ka haɗe Audu kaka da Audu jika. Duk wanda aka ambata, tambayi sunan yanka, laƙabi, sunan uwa da sana'a. Sunan gari da aka liƙa wa yara a makarantar boko kuwa ba shaidar dangantaka ba ne. Rubutun ma yana sauyawa: Usman na Katsina shi ne Ousmane a takardun Maraɗi.

Shekarun da ke kan takarda ma abin taka-tsantsan ne, musamman takardar rantsuwar shekaru ta kotu, wadda sau da yawa kintace ce. Gara ka auna da abin da ya faru. An haife shi kafin Turawa su ci Kano a 1903? Zamanin Sarki Abbas ne, wanda ya rasu a 1919, ko na Abdullahi Bayero, daga 1926 zuwa 1953? Idan an ce wani kaka "ya yi gabas" bai dawo ba, duba ko yana cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru. Bayan yaƙin da suka yi da Turawa a Burmi a 1903, da yawansu sun zarce Sudan, zuri'arsu suna can garin Mai Wurno har yau.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙawata asali. Kowa na so ya fito daga gidan sarauta ko na sharifai, sai a binne kakan da yake maƙeri, majemi ko bawa. Kirarin maroƙi yana ba da haske, amma ba hujja ba ne. Rubuta kowace ruwaya da sunan wanda ya faɗa maka da ranar, ko da sun saɓa wa juna.

Kada kuma ka ruga gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ko Arewa House, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ba ka buɗe adakar gidanku ba. Malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen littattafansu. Ɗauki hoton kowane shafi, kada ka manna masa salatif, ka nemi mai karanta ajami. In ka tashi zuwa Kaduna, tafi da sunan gunduma da na hakimin lokacin, domin takardun Turawa bisa lardi da gunduma aka tsara su, ba bisa sunan iyali ba.