Yadda Za Ka Hana Farashin Farko Ya Ja Ka a Ciniki

Ka shiga kara neman ragon layya, dillali ya ce N500,000. Ka taya N300,000, ya ce albarka, aka yi ta ja-in-ja har ya sallama a N350,000. Kana tafe kana murna ka karya shi. To amma daga ina aka yi ragin? Daga adadin da shi ya fara jefo maka, wanda wataƙila ko shi bai yarda da shi ba.

Wannan rauni ne da ke jikin kowa. A 1974 masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun juya wa mutane wata da'irar lambobi da aka shirya ta tsaya kan 10 ko 65, sannan suka tambaye su kashi nawa ne na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ke Afirka. Waɗanda suka ga 10 sun ce kimanin kashi 25, waɗanda suka ga 65 kuwa suka ce 45. Lambar ba ta da alaƙa da tambayar, amma ta ja su. A 2006 an gwada har da alƙalai a Jamus: waɗanda suka jefa dais irin na wasan ludo ya ba su 9 sun yanke hukuncin kimanin wata 8 a kan ƙagaggen laifi, masu 3 kuma wata 5. Idan alƙali bai tsira ba, ina ga mai sayen rago da rana tsaka?

Na farko, yanke naka farashin tun a gida. Tambayi mutum biyu ko uku da suka sayi irin kayan kwanan nan, ba masu sayarwa ba. Rubuta adadi biyu a waya: abin da ya dace, da iyakar da ba za ka haura ba. A ganina nan aikin yake, sauran duk ƙari ne. Wanda ya shiga kasuwa kansa fayau, duk lambar da ta riga shiga kunnensa ita za ta zauna.

Na biyu, daina taya rabi. Al'adar nan ta "duk abin da ya faɗa, raba biyu" ta daɗe da tonuwa, 'yan kasuwa sun san da ita, shi ya sa suke ninkawa tun farko. Ka taya daga lissafinka, ba daga nasa ba.

Na uku, idan adadin ya wuce hankali, kar ka taya sam. Ka yi murmushi ka ce, "Malam, ba mu fara ciniki ba tukuna, faɗi na sayarwa." Da zarar ka ba da naka tayin, ka amince ke nan cewa gaskiya tana tsakaninku.

Na huɗu, nemo dalilan da za su sa farashin ya zama kuskure. Ka faɗa wa kanka su ɗaya bayan ɗaya: ragon bai cika haƙora ba, ƙasusuwan baya sun fito, kwana ɗaya ya rage Sallah kuma karar cike take. Sanin cewa akwai tarko kaɗai ba ya kuɓutar da mutum, amma bincike ya nuna lissafa irin waɗannan dalilai yana rage ƙarfinsa.

Idan kai ne ka fi sanin kayan, riga shi faɗin farashi. Idan ba ka sani ba, kame bakinka ka zaga rumfa uku.

Haka abin yake a intanet, inda ake soke N80,000 da jan layi a rubuta N55,000 a gefe. Sa yatsa ka rufe tsohon farashin, ka tambayi kanka ko da za ka biya N55,000 in da shi kaɗai ka gani. In amsar a'a ce, rufe shafin ka duba wani shagon.