Ruwa garau, kifi na mutuwa: kurakuran da aka fi yi a tankin kifi na gida

Saura kwana biyu Babbar Sallah na ce bari in yi wa tankin kifina kwalliya, tunda baƙi za su cika falo. Na kwashe kifayen na zuba a bokiti, na zubar da ruwan kaf, na wanke tsakuwar ƙasa, na matse soson filta, wato matatar ruwan tankin, a bakin famfo har ya koma kamar sabo. Da na cika tankin, ruwan ya yi garau, kana hango bango ta cikinsa. Ba a yi mako ba na wayi gari kifi uku sun juya ciki sama, sauran sun taru a saman ruwa suna haki. Ƙanena ya tsaya yana kallo ya ce, "Yaya, wanga ruwa ai ko mutum ya sha shi. Mi ya kashe su?"

Wankin da na yi ne ya kashe su. Har yau shi ne kuskuren da na fi gani a wajen masu ajiye kifi a nan Sakkwato, don haka da shi zan fara.

Kifi yana fitar da amoniya ta gaɓoɓinsa na numfashi da kuma kashinsa, ragowar abinci ma in ta ruɓe amoniya take zama. Guba ce, kuma ba ta da launi. Abin da ke raba kifi da ita wasu bakteriya ne masu amfani da ke manne a soson filta da jikin tsakuwa. Rukuni ɗaya na mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, wani rukunin kuma ya mayar da naitirait ɗin naitiret, wadda kifi ke iya jure wa in ba ta yi yawa ba. Kafin waɗannan bakteriya su kafu a sabon tanki akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Wannan dattin ruwan ƙasa-ƙasa da kake gani a soso, gidansu ne. Kulorin ɗin ruwan famfo yana kashe su, sabulu da omo kuwa har kifin suke haɗawa.

Gyaran ba shi da wuya. Duk mako ka ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, kana cusa bakinsa cikin tsakuwa don ya zuƙo kashin da ya kwanta. A cikin wannan tsohon ruwan da ka ɗebo a bokiti za ka matse soson filta, sau biyu ko uku, ka mayar da shi da sauran dattinsa. Kifin na ciki ake yi, ba sai an kwashe shi ba. Wanda ya sayo sabon tanki kuma, kada ya cika shi da kifi ranar farko. Ya fara da biyu ko uku, in ya samu ya roƙi ɗan guntun tsohon soso daga tankin aboki mai lafiya, zai rage masa jira sosai.

Sai batun gwajin ruwan tanki, inda mutane da yawa ke da kayan aiki amma karatun ke ba su wahala. Amoniya da naitirait sifili ake so su nuna, ba "kaɗan" ba. Naitiret a riƙe ta ƙasa da 40 ppm (ma'aunin da ke jikin katin gwaji), in ta tsaya wajen 20 ya fi. Kuma tare ake karanta lambobin nan uku. In amoniya ta hau, sauran biyun na sifili, tankin bai fara kafuwa ba. In amoniya ta sauka naitirait ta hau, an zo tsakiyar hanya, kuma nan ne wurin da ya fi haɗari, domin naitirait tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iskar oksijin. Shi ya sa za ka ga yana haki a sama alhali injin iska na aiki. In biyun farko sifili ne, naitiret na hawa a hankali, to tanki ya zauna.

Akwai sakamakon da ke faranta wa mutum rai alhali bai kamata ba: tankin da ya yi watanni cike da kifi, babu tsirrai masu yawa, amma naitiret ta nuna sifili. Galibi ba a girgiza kwalba ba ne. A kayan gwaji na ɗigo irin na kamfanin API, kwalba ta biyu ta naitiret tana da garin da ke kwanciya a gindi. Sai an girgiza ta da ƙarfi daƙiƙa 30, a ɗiga, a sake girgiza bututun gwajin minti ɗaya, sannan a jira minti biyar kafin a duba launi. Duba shi a hasken rana, ka jingina bututun da farin katin. Ƙwan fitila mai ja-ja yana sauya launi, tocilan waya ma haka. Masu amfani da 'yar takardar tsomawa su duba jikin kwalin da kyau, da yawansu ba sa auna amoniya sam, ga shi danshi na ɓata su in an bar murfin a buɗe. Kada a ajiye kayan gwaji a taga ko a mota, a kuma riƙa duba ranar ƙarewar aikinsu.

Abin da na fi so ɗan Sakkwato ya riƙe shi ne lambar amoniya ba ta da ma'ana ita kaɗai, sai an haɗa ta da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa ko kanwarsa, da kuma zafin ruwa. Gwajin yana haɗa nau'in amoniya biyu ne wuri ɗaya, mai tsananin guba da mai sauƙi. A ruwa mai zafin digiri 25, in pH na 7, mai gubar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. In pH ya kai 8, ta haura kashi biyar, wato ta ninka kusan sau goma, kuma ƙaruwar zafi na ƙara ta. To mu da a watan Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40, lambar da wani a Ingila zai gani ya ce ba komai, a falonka tana iya kisa. Ga shi ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi, shi kuwa kifi a zafi ya fi buƙatarta. A bazara ka janye tanki daga taga, ka buɗe murfi, ka sa fanka ta riƙa bugun saman ruwan. Yadda randa ke sanyaya ruwa ke nan. Kada a watsa ƙanƙara a ciki kai tsaye, saukar zafi farat ɗaya ma illa ce.

Da mutum ya ji haka sai ya ruga neman maganin saukar da pH, wannan kuma wani kuskuren ne. Ƙasarmu tana da farar ƙasa, ita ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan zo da nauyi, pH ɗinsa a sama. Irin wannan ruwa ko ka zuba magani ya sauka, gobe ya koma inda yake, kifin ne ke shan wahalar hawa da saukar. Yawancin kifayen da ake sayarwa, irin su gofi da moli, suna zaune lafiya a pH 7.5 zuwa 8 muddin bai yi ta canzawa ba. Dutsen ado da ka tsinto kuwa, ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa, zai ƙara wa ruwan nauyi.

Gwada ruwan da kake zubawa ma, ba na tankin kaɗai ba. Na famfo yana buƙatar maganin cire kulorin. Barinsa ya kwana a buɗe yana taimakawa, amma maganin ya fi tabbas. Na burtsatse babu kulorin, sai dai yakan zo da ƙarancin oksijin, rijiyar da ke kusa da masai kuwa tana iya zuwa da naitiret ɗinta tun daga tushe. In daga 'yan garuwa kake saye, tambayi inda suka ɗebo, kuma ka yi ƙoƙarin tsayawa a wuri ɗaya.

Lokacin hunturu da bazara ruwa na ƙafewa da sauri, sai mutum ya riƙa ciko yana ganin ai ya canza ruwa. Ruwa kawai ke tashi, naitiret da gishirin da ke narke suna nan suna taruwa. Ciko daban, canji daban.

Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa, sau ɗaya ko biyu a rana. A gidan da yara suke, ɗaga gwangwanin sama, domin kowa ya wuce sai ya barbaɗa.

In an ɗauke wuta filta ta tsaya, bakteriyan nan ma oksijin suke shaƙa. Ƙaramin injin iska mai batir ko mai aiki da fawa banki ya fi duk wani kayan ado da za ka saya. In babu, ɗebi ruwan tankin da kofi ka riƙa zubowa daga sama lokaci-lokaci, kuma kada ka ba da abinci sai wuta ta dawo.

Ranar da gwaji ya nuna maka amoniya ko naitirait, canza kusan rabin ruwan da wanda aka cire wa kulorin, mai ɗumi daidai da na tankin. Dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, ƙara iska, kada ka taɓa soson filta, kada ka ƙara kifi. Gobe ka sake gwadawa, in lambar na nan ka sake canji, haka har ta koma sifili. Ka riƙa rubuta sakamakon da kwanan wata a ɗan littafi kusa da tankin, domin mako mai zuwa ba za ka tuna ko launin yau ya fi na jiya duhu ba.