Yadda Ake Rubuta Adireshin Gida a Najeriya

Fara da sunan mai karɓa. A layi na biyu sa lambar gida da sunan titi, sannan unguwa, gari, lambar gidan waya, jiha a ƙarshe. Lambar gidan waya alƙaluma shida ce: ta birnin Kano tana farawa da 700, Kaduna 800, Abuja 900.

A titunan da aka tsara, lambobin mara suna hannu ɗaya, na cika a ɗaya hannun, don haka gida mai lamba 7 yana maƙwabtaka da 9, ba 8 ba. Inda aka fi yin kuskure shi ne rubuta lambar fuloti a matsayin lambar gida. Sau da yawa ba ɗaya ba ne.

Idan lungu ne marar suna, ambaci masallaci ko makarantar da ke kusa, ka ƙara lambar wayar mai karɓa.